Ƙofar garejina tana jan ƙasa: in gyara ko in sake sabuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Tunfure, cikin Gombe. Ƙofar garejina ta ƙarfe ce mai ɓari biyu, ta haura shekara 10. Tun daminar bara ɓarin dama yake jan ƙasa, sai an ɗaga shi kafin sakata ta shiga, ƙasanta kuma duk tsatsa ta cinye. Wani mai walda ya ce zai yi mata faci ya sauya hinji. Wani kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, gara ya ƙera mini mai zugewa a kan taya. Wanne zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ba kowannensu ko sisi, akwai abin da zan so ka duba da kanka, kuma ba ƙofar ba ce. Ginshiƙin da take rataye a jikinsa za ka fara dubawa.

Samo zare ka ɗaura masa ɗan dutse, ka riƙe shi a saman ginshiƙin dama ka sake shi ya sauka har kusa da ƙasa. Idan tazarar da ke tsakanin zaren da ginshiƙin ɗaya ce a sama da ƙasa, ginshiƙin yana tsaye daidai. Idan ta bambanta, ya karkata. Sai ka duba inda ya haɗu da katanga, ko akwai tsaga da ta buɗe baki daga sama, ka kuma duba gindinsa ko ruwa ya ƙwaƙule ƙasar wurin. Abin da ya sa na fara da nan shi ne cewar da ka yi matsalar ta soma ne da damina. Ƙofar da hinjinta ya cinye a hankali take sauka, shekara da shekaru, ba ruwanta da ruwan sama. Wadda ta sauka cikin damina ɗaya kuwa, sau da yawa ƙasa ce ta motsa a ƙarƙashinta. Duk mazaunin Gombe ya san halin ƙasarmu: yashi ne a unguwanni da dama, ruwan Agusta kuma da ƙarfi yake gangarowa, shi ne ma ya haifar da manyan kwaruruwan da suka ratsa gari. Can wajen Deba kuma baƙar laka ce, mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage da rani. Ginshiƙin da aka yi wa tushe marar zurfi, ko aka gina da bulo zalla babu rodi da kankare a ciki, ba ya jure ko ɗaya daga cikin biyun.

Ga kuma nauyin da yake ɗauka, wanda mutane ba su cika lissafawa ba. Falen ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 yana kai kusan kilo 12 a kowane murabba'in mita. Ƙofa mai faɗin mita 4 da tsayin mita 2 ke nan falenta kawai ya haura kilo 90, ba a sa firam da ado ba. Kowane ɓari kuma a gefe ɗaya yake rataye, yana janyo saman ginshiƙin dare da rana. To idan ginshiƙin ne ya karkata, faci da sabon hinji an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, kuma sabuwar ƙofa mai ɓari biyu ma a kan wannan ginshiƙin ba za ta daɗe ba za ta soma jan ƙasa. Aikin magini ne a nan kafin na mai walda: a sauke ƙofar, a tona tushe mai zurfi har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba kankare da rodi, a dasa ƙarfen da hinji zai kama tun kankaren yana ɗanye. A riƙa shayar da shi ruwa aƙalla mako guda kafin a rataya masa komai, domin sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa. Masu gaggawar rataya ƙofa washegari su ne suke dawowa da kuka.

Za ka ji wasu suna cewa zafin rana ne yake buɗa ƙarfe har ƙofa ta ƙi rufuwa. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, gaskiya ne, amma ƙofa mai mita 4 ko zafinta ya ƙaru da digiri 30, abin da za ta ƙara bai kai milimita 2 ba. Wannan ba ya sa a ɗaga ƙofa kafin a sa sakata.

Idan ginshiƙi lafiya lau yake, sai ka koma kan firam, wato bututun ƙarfen da ya zagaye kowane ɓari. Shi ne ainihin ƙofar, falen sutura ce kawai. Auna da tef daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, sannan ka auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu sun zo ɗaya, firam bai goce ba, hinji ne ya cinye, kuma wannan ƙaramin gyara ne: a yanke tsofaffin, a sa masu kauri, a ƙara na uku. Idan awon ya bambanta, ɓarin ya sunkuya, ana iya ɗaga shi da jak a miƙar da shi, a walda ƙarfe a gicciye daga kusurwar sama ta wajen hinji zuwa kusurwar ƙasa ta wajen sakata. Da yawan ƙofofinmu an ƙawata su da furanni da zane, amma wannan ƙarfe guda da zai hana su sunkuyawa babu shi.

Tsatsa kuma iri biyu ce, kuma a nan hukuncin yake. Ɗauki guduma da sukundireba ka bi bututun kana ƙwanƙwasawa. Inda ya yi ƙara tas, ƙarfe na nan, tsatsar a fuska take, buroshin ƙarfe da fenti sun ishe ta. Inda ya yi ƙarar ruɓaɓɓen abu ko sukundireba ta huda, ya mutu. Bututun ƙasa shi yake fara mutuwa, kuma daga ciki yake ruɓewa, saboda ruwan sama da na wankin mota suna shiga ta ƙananan kafofin walda su kwanta a ciki babu mafita. Idan ɓarnar ta tsaya a bututun ƙasa da kamar taƙi ɗaya ko biyu na falen, mai waldarka na farko yana da gaskiya. Sai dai ka tsaya a kansa ya yanke duk ruɓaɓɓen ya sa sabon bututu da sabon fale, ba ya liƙa faci a kan tsatsa ya shafe da foti ba. Irin wannan facin yana da kyau ranar da aka biya kuɗi, amma yana rufe danshi a ciki, damina ɗaya sai ka ga fenti ya kumbura. A huda ƙananan kafofi a ƙarƙashin sabon bututun don ruwa ya riƙa fita, a shafa jan fentin nan mai hana tsatsa kafin fentin ado, a bar 'yar tazara tsakanin ƙofar da daɓe.

Amma idan tsatsar ta hau bututun tsaye, musamman na wajen hinji, har ya zama babu lafiyayyen ƙarfen da walda za ta kama, to ka haƙura da ita. Haka nan idan tun asali da siririn fale aka yi ta, irin wanda yake lotsawa idan ka danna da hannu, domin wutar walda huda shi take yi. Ni ma'aunina shi ne, ka sa a rubuta maka kuɗin gyara gaba ɗaya har da fenti, da kuɗin sabuwa mai kauri iri ɗaya. Idan gyara ya kama hanyar wuce rabin kuɗin sabuwa, sabuwa ta fi. Kuma kada ka manta tsohuwar ba shara ba ce, 'yan gwangwan da kilo suke saye, sai ka cire wannan daga lissafin.

Game da mai zugewa, ba na kushe ta. Nauyinta a ƙasa yake, ba a wuyan ginshiƙi ba, kuma ba ta cin fili idan gareji ƙarami ne. Amma tana da sharuɗɗa. Tana buƙatar katanga miƙaƙƙiya a gefe wadda ta ɗan fi faɗin ƙofar tsawo, da daɓen kankare lebur da za a dasa dogonta a ciki, wato ƙarfen da tayoyin za su riƙa bi. Idan ƙofar gidanka hanyar ruwa ce, kowane ruwan sama zai cika dogon da yashi, sai ka zama mai shara kafin ka fitar da mota. Ƙurar hunturu kuma tana cin boris ɗin tayoyin, don haka a sa mai rufaffen baki, kuma kada a shafa giris a kan dogon kansa, yashi yake tarawa. Abin da ba na sassauci a kansa shi ne ƙarfen da zai tsayar da ƙofar a ƙarshen dogon ta kowane ɓangare, da tayoyin sama masu riƙe ta a tsaye. Ƙofa mai zugewa da ta zarce dogonta faɗuwa take yi gaba ɗaya, kuma yara ne suka fi wasa da ita. Idan kana tunanin sa mata inji mai rimot nan gaba, ka faɗa wa mai ƙerawa tun yanzu, domin injinan da nauyin ƙofa ake zaɓarsu, kuma ka nemi mai batir da makullin sakewa a tura da hannu idan babu wuta.

Daga bayaninka, zatona ya fi karkata ga ginshiƙi da bututun ƙasa, kuma idan haka ne gyara zai fi maka sauƙi, ƙofar ta ƙara shekaru masu yawa. Ka bari ruwa ya ɗauke kafin a fara, don tushe ya samu busasshiyar ƙasa, fenti kuma ya kama. Ranar walda ka fitar da mota da janareta da duk jarkar fetur daga garejin. Idan kuma sabuwar ce ta kama, ka bi mai waldar kasuwa a sayi ƙarfen a gabanka, ko ka sa ya rubuta kaurin fale da na bututu a takardar ciniki, domin da zarar an shafa fenti ido ba ya bambance milimita 1.2 da 1.5.