Injin Jirgi Bayan Dogon Ajiya

Tambaya: Malam, jirgin ruwanmu mai inji ya yi wata biyar a ajiye. An gyara shi, za mu fita da iyali a madatsar Dadin Kowa. Me zan fara dubawa? Daga wani mai karatu a Gombe.

Amsa: Alhaji, zubar da tsohon fetur, shi ke toshe kafireto. In injin mai haɗin 50:1 ne, wato kashi 50 na fetur da kashi ɗaya na baƙin mai, rabin litar baƙin mai za ka zuba a lita 25 na fetur. Kada ka tada injin a tudu, robar famfon ruwa za ta ƙone nan take. A cikin ruwa kuwa, in bai tsarto ruwa ta baya ba, kashe shi. Man giya in ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga. Toshe ramin fitar da ruwa kafin a tura jirgin, kowa ya sa rigar ceto. Akwai dorina, ku nisance ta.