Tambayoyinku: Yadda Ake Tsara Ɗakin Taron Ofis

Tambaya: Ɗakin taronmu tsawonsa mita 7, faɗinsa mita 4 da rabi. Maigidanmu yana son tebur mai ɗaukar mutum 16 da allon bango mai nuna hoto. Zai yiwu? Daga wata mai kula da ofis.

Amsa: Hajiya, kafin a kira kafinta a fara ɗauko tef ɗin awo. Kowane mazauni yana buƙatar santimita 75 na bakin tebur. Ana iya matsawa zuwa 60, amma kujeru masu hannu za su riƙa karo da juna. Tsakanin bakin tebur da bango a bar mita 1.2, don wani ya iya wucewa ta bayan wanda ke zaune ba sai an tashe shi ba. Wajen allo kuma a bar kamar mita 1.8. In kika cire waɗannan daga mita 7, saura mita 4: mutum biyar a kowane gefe, ɗaya a can ƙarshe, sha ɗaya ke nan. Kan teburin da ke kusa da allo ba a sa masa kujera, don wanda ya zauna nan ya juya wa allo baya, ya kuma tare wa sauran.

Sauran biyar ɗin suna da dabara. Ki yi teburin faɗin mita 1.3, ki matsar da shi gefe guda yadda zai bar mita 1.2 a nan, mita 2 a can, sai a kafa dogon benci mai katifa, zurfin santimita 50, a jikin bangon da ya fi sarari. Masu rubuta bayanin taro da masu jiran gabatar da rahoto nan ne wurinsu, ƙarƙashinsa kuma ya zama ma'ajiya. Mun fi son tebur mai siffar kwalekwale, mai kumburi a tsakiya da tsukewa a kai biyu, saboda na jere ɗaya suna ganin fuskar juna ba tare da leƙe ba. Tsayinsa daga ƙasa santimita 73 zuwa 75. A gaya wa kafinta ya shigar da ƙafafun ciki, kada su faɗo daidai gwiwar mutum.

Game da allo, nisan wanda ya fi kowa nesa kada ya wuce tsayin hoton sau shida, in ana son ya karanta rubutu. Allo mai inci 65 tsayinsa kusan santimita 81 ne, ya ishi mita 4.8 kawai. Mai inci 75 ya kai mita 5.6. Na ƙarshen teburinki yana wajen mita 6.2, don haka mai inci 86 ne naki. A haƙa hanyar wayoyi a ƙasa zuwa tsakiyar tebur tun kafin a shimfiɗa daɓe. Wayar HDMI ta yau da kullum, mai kai hoto daga kwamfuta zuwa allo, takan fara yanke hoto in ta wuce mita 10, don haka in hanyar ta yi tsawo a sa mai zaren gilashi.

Tambaya: Mun kashe kuɗi a kan tayil, bangon gilashi da makirufo mai tsada, amma waɗanda muke taro da su ta intanet suna cewa kamar daga cikin rijiya muke magana. Mu canza makirufo?

Amsa: Malam, bar makirufo, ba shi da laifi. Ɗakin ne. Ka tsaya a tsakiya ka tafa sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji ƙarar ta yi jela tana kaɗawa, amsa-kuwwa ce. Tayil, gilashi, siminti da tebur mai sheƙi duk suna mayar da sauti, ya yi ta kai da komo tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Kunnen mutumin da ke cikin ɗakin yana iya tace wannan, makirufo kuwa duk abin da ya zo masa kwasa yake. A ɗakin taro ana son sauti ya mutu cikin kusan rabin daƙiƙa. Ɗaki mai tayil da gilashi yakan wuce daƙiƙa ɗaya.

Maganin shi ne abin da ke shanye sauti. A yi firam na katako, a cika shi da audugar dutse ko ta gilashi mai kaurin santimita 5, a lulluɓe da yadin da iska ke ratsawa. Gwajin yadin: ka kara shi a baki ka hura, in iska ta fita ya yi. A rufe kamar kashi ɗaya cikin biyar na faɗin bangaye, a tsayin kan mutum in yana zaune, daga santimita 90 zuwa mita 2. Kada a tara su a bango ɗaya. A raba su a bango biyu masu haɗuwa a kusurwa, ɗaya na tsawo ɗaya na faɗi, ta haka kowane bango mai tauri yana fuskantar mai taushi. A ƙara da kafet da labule mai nauyi mai ninki a jikin gilashin. Kwalin ƙwai da siririn soso da wasu ke mannawa ba sa kama kaurin muryar mutum, wasunsu ma saurin kama wuta gare su.

Nan ne mai son ado zai baje basirarsa. Allunan nan ba dole su zama farare masu kusurwa huɗu ba. A yi su girma daban-daban, a sa musu yadi launi biyu ko uku, ko a buga taswira ko hoton aikin kamfanin a kan yadin, ko a jera siraran katako a kansu da 'yar tazara tsakani. Baƙo zai ɗauka ado ne kawai.

Abu ɗaya da ake yawan rikitawa: shanye sauti daban, hana shi fita daban. In na waje suna jin sirrin taro, allunan nan ba za su hana ba. Ka ɗaga silin ka duba. Sau da yawa bangon a daidai silin ya tsaya, magana tana tsallakawa ta sama. A kai shi har rufin kankare, a sa ƙofa mai cikakken katako da roba a gefunanta da ƙasanta.

Tambaya: Fuskokinmu baƙi ƙirin suke fitowa a kyamara, ga shi ɗakin da haske.

Amsa: Akwai taga a bayanku, ko kuma fitilun ƙananan nan ne masu haskowa daga tsakar ka, su bar inuwa a ramin ido. Taga ta kasance a gefe, da labule mai rage rana. Fitila kuma a sa masu faɗi, masu murfin da ke watsa haske, a rarraba su a saman tebur da ɗan gaban mazauna. Ana son ƙarfin haske kusan luks 500 a kan tebur, launin haske tsakanin 3500 da 4000 a ma'aunin Kelvin, duka ƙwayayen iri ɗaya. Layin da ke kusa da allo a ba shi makunni nasa, don a rage shi lokacin nuni. Saman tebur mai haske marar sheƙi yana mayar da haske zuwa fuska, baƙi mai ƙyalli kuwa allon ma yake nunawa kamar madubi. Kyamara ta zauna daidai idon wanda ke zaune, kusan mita 1.2 daga ƙasa.

Tambaya: Wane fenti zai sa ɗakin ya fita daban?

Amsa: Launi mai sanyi ya ci mafi yawan ɗakin, na biyu a kujeru da labule, mai ƙarfi ɗan kaɗan a bango ɗaya. Bangon da kyamara ke kallo a bar shi marar sheƙi, kuma ban da siraran ratsi, don rawa suke yi a hoto. Bango ɗaya na gefe a sa masa gilashi mai fenti ta baya, ya zama allon rubutu daga wannan kai zuwa wancan.

Tambaya: In taro ya kai awa ɗaya sai hamma da gyangyaɗi, alhali na'urar sanyaya ɗaki tana aiki.

Amsa: Na'urar da ake rataye wa a bango iskar ɗakin take juyawa tana sanyayawa, ba ta shigo da sabuwa. Mutum goma sha biyu a rufaffen ɗaki, iskar da suke fitarwa, wato CO2, sai ta taru. A waje ma'auninta kusan 420 ne cikin miliyan, a ciki ana son kada ta wuce 1000. Ka sayi ƙaramin ma'aunin CO2 ka ajiye a tebur, nesa da bakin mutane, za ka ga lambar tana hawa. Kowane mutum yana buƙatar kamar lita 10 ta sabuwar iska a daƙiƙa, wato lita 120 ga mutum goma sha biyu. A sa fanka mai shigo da iskar waje ta bututu da wata mai fitarwa, injin ya zauna a wajen ɗakin don ƙararsa kada ta shiga makirufo. Kafin a yi wannan aikin, a riƙa buɗe ƙofa da taga na minti biyar duk bayan awa guda. Tukwanen shuka suna ƙawata ɗaki, amma ba za su rage lambar nan ba.