Bashin mai shago da ajiyar mai ɗinki

'Yar'uwa, kin ce ɗinki kike yi, bashin mai shago ya kai jika 30, kuma kina son fara ajiya.

Ki fara raba kuɗin zare da yadi da na cefane. Gwangwani biyu ma sun isa. Wallahi haɗa su ne ke cinye jarin mata da yawa a nan Maraɗi. Ki je wurin mai shagon da kanki, ku shirya, ki riƙa ba shi jika 2 kowace Juma'a.

Ribar ɗinkin sallah kuwa ki ɓoye ta. Da kaka gero yana araha, ki sayi buhu kafin kuɗinsa ya hau da bazara. Adashi sai bashin ya ragu, ki shiga ƙarami.