Tambayoyinku: Doki a kan kwalta, mota a bayansa

Wasiƙun wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke, wato haɗuwar doki da abin hawa mai inji a hanya guda. Masu horar da dawaki da masu koyar da tuƙi ne suka haɗu suka amsa.

Assalamu alaikum. Na taho a mota na hango mahayi a gefen titi, sai na danna masa ham don ya san ina tafe. Dokin ya yi tsalle ya faɗo tsakiyar hanya, saura ƙiris in buge su. Mahayin ya yi ta yi mini faɗa, alhali ni taimako na yi nufi. Laifin wa ke nan? Daga wani direba.

Wa alaikumus salam, Malam. Niyyarka mai kyau ce, amma ham ɗin nan shi ya jawo abin da ya faru. Kai da mahayin kake magana, shi kuwa dokin ne ya fara ji, kuma shi ya fara amsawa.

Doki dabba ce da asalinta farautarta ake yi, don haka maganinsa ga duk abin da bai gane ba shi ne ya zabura tukuna, ya duba daga baya. Idanunsa suna gefe da gefen kai, yana ganin kusan digiri 350 na kewayensa, sai wurare biyu da ba ya gani: daf da goshinsa, da kuma bayan wutsiyarsa. To mota daga ina take zuwa? Daga bayan nan da ba ya gani. Ga shi jinsa ya fi na ɗan Adam kaifi wajen kama siririyar ƙara. Ka haɗa su: ƙara mai ƙarfi, ba zato, daga inda ido bai kai ba. Kuma doki idan ya razana ba lallai ya yi gaba ba, sau da yawa gefe yake dirowa, mita ɗaya ko fiye, kafin mahayi ya ja linzami. Komai gwanintar mahayi, dabba mai nauyin kilo 400 zuwa 500 yake kai, mai ƙwaƙwalwarta daban.

Ga yadda ake wuce doki. Tun daga nesa ka ɗaga ƙafa daga totur, ka taka birki a hankali, ka sauko giya ta biyu ko ta ɗaya ba tare da injin ya yi gurnani ba. Rage rediyo. Ka bi bayansa da tazarar tsawon mota biyu ko uku, kada ka manne masa, domin doki yana harbi da ƙafar baya, kuma yana iya ja da baya ba sanarwa. Idan ka ga gaba fili ne, babu mai tahowa, babu kwana, babu gada, sai ka kunna sigina ka fita sosai. Dokar hanya ta Birtaniya, bayan gyaran da aka yi mata a watan Janairun 2022, ta faɗi adadi ƙarara: gudu kada ya kai mil 10 a awa, wato kimanin kilomita 16, tazara kuma aƙalla mita 2. Ko a inda doka ba ta ambaci lamba ba, wannan ma'auni ne mai kyau, don doki ɗaya ne a ko'ina. Mita 2 kusan faɗin ƙaramar mota ne da madubanta, sai ka ƙaddara wata motar za ta iya shiga tsakaninku.

Wasu na ganin kilomita 16 ya yi kaɗan. Doki mai tafiya a hankali kilomita 6 zuwa 7 yake yi a awa, saboda haka ka ninka shi, za ka wuce cikin 'yan daƙiƙu. A wannan gudun motarka tana cin mita huɗu da rabi a daƙiƙa. A kilomita 60 kuwa kusan mita 17 take ci, kuma direba yakan ɗauki daƙiƙa guda ko fiye kafin ƙafarsa ta kai birki. Akwai kuma abin da direbobi ba su cika tunawa ba: ƙafafun doki dogaye ne, idan mota ta share su, gangar jikin bisa bonet take faɗowa ta shigo ta gilashin gaba. Rayukan da kake karewa har da naka.

Bayan ka wuce, kada ka taka totur nan take. Ka yi nisa tukuna. Idan kuma ta gabanka dokin yake tahowa, hukuncin bai canza ba.

Tirela nake ja. Ko na rage gudu, dawaki suna tsorata da motata. Me zan ƙara?

Babbar mota tana da abubuwa uku da doki ya ƙi: hucin birkin iska, tamfol mai kaɗawa, da ƙarar sarƙa ko bodin da ba kaya idan ya faɗa rami. Ɗaure tamfol da sarƙoƙi tun kafin ka tashi. Rage gudu da wuri, yadda ba sai ka taka birki kana daidai da dokin ba, don fis ɗin nan a kusa da kunnensa ya isa ya watsar da mahayi. Ka tuna tsawonka: kan mota ya wuce ba yana nufin jela ta wuce ba, kada ka koma hannunka sai ka ga dokin sarai a madubi. A matsattsiyar hanya, in ka ga dokin ya kafe kunnuwa, ya ɗaga kai, yana taka rawa a wuri ɗaya, tsaya cak ka kashe injin, ka bari mahayin ya wuce da shi ko ya yi maka alama.

Ni mahayi ne. Wane gefe ya kamata in bi, kuma yaya zan yi da mahaɗa? Wani lokacin mukan fita mu biyar ko shida.

Doki a titi abin hawa ne, ba mai tafiya a ƙasa ba. Ka bi hannun da motoci suke bi, ba ka fuskance su ba: inda ake tuƙi a dama ka riƙe dama, inda ake tuƙi a hagu ka riƙe hagu. Kada ka lafe a bakin kwalta har kofato yana taka tsakuwa da bakin lambatu, domin hakan gayyata ce ga direba ya matse ka. Ka bar wa kanka ɗan fili. Tafiya a hankali ko ɗan sassarfa, ban da sukuwa. Hannu biyu a linzami, ƙafa biyu a likkafa, waya a aljihu, kunne a buɗe.

Alamun hannu kaɗan ne. Za ka juya, waiwaya tukuna, ka miƙe hannun ɓangaren da za ka bi, ka mayar da shi kan linzami kafin ka fara juyawar. Kana son direba ya rage gudu, miƙa hannu gefe kana ɗaga shi sama da ƙasa a hankali. Kana son ya tsaya, nuna masa tafin hannu. Idan juyawar za ta sa ka tsallaka titi, kada ka shiga tsakiya ka tsaya kamar mota, motoci suna wucewa ta dama da hagu. Ka tsaya a gefenka har hanya ta yi fili, sannan ka tsallaka kai tsaye. Shataletale mai cunkoso, in da wata hanya, bi ta.

In kun fita da yawa, ku jeru ɗaya bayan ɗaya a matsattsiyar hanya da kwana, da tazarar tsawon doki guda a tsakani. Kada ku wuce biyu a jere ko a faffaɗan titi, kuma idan biyu ne, natsattsen doki da gogaggen mahayi su kasance ɓangaren motoci, dukushi ko yaro a ciki. Na gaba da na ƙarshe su ne masu ba da alama. Wajen tsallaka titi ku haye gaba ɗaya. Dawaki garke suka sani, wanda aka bari a baya zai yi ƙoƙarin bin 'yan'uwansa ko da mota na tahowa, kuma a nan ake yawan samun matsala. Mai jan doki da ragama kuwa, shi zai tsaya tsakanin dokin da motoci.

Direban da ya jira ka, ka gyaɗa masa kai. Gobe zai sake jiran wani.

Ɗana shekararsa 12, ya fara hawa, yana ƙin hular kwano wai nauyi. Dole ce? Daga wata uwa.

Hajiya, dole ce, kada ki sassauta. Kan mahayi yana nesa da ƙasa da mita biyu ko fiye, ƙasan kuma kwalta ce. A Birtaniya tun 1990 aka yi dokar da ta wajabta wa yaro ɗan ƙasa da 14 sa hula idan zai hau doki a titi. A nemo masa ta hawan doki mai tambarin gwaji a ciki, irin su PAS 015 ko ASTM F1163. Ta zauna daidai, kamar yatsa biyu sama da gira, idan ya girgiza kai kada ta yi lilo, maɗaurin haɓa kuma yatsa ɗaya kawai zai shiga. Yawancin ƙorafin nauyi daga hular da ba ta yi daidai da kai ba ne. In ta taɓa bugun ƙasa da ƙarfi a sauya ta ko ba a ga tsagewa ba, don soson cikin ya riga ya matse. Takalminsa ya zama mai ɗan dunduniya, likkafa kuma ta fi faɗin takalmin da kamar santimita ɗaya kowane gefe, saboda kada ƙafa ta maƙale doki ya ja shi. Kuma ɗan shekara 12 ba ya hawa titi shi kaɗai.

Dokina yana zamewa a kwalta, musamman a gangara.

Ƙarfe a kan kwalta santsi gare shi, ya fi muni idan takalmin ya cinye ya yi sumul, ko titin ya jiƙe, ko akwai man inji. Fentin layin titi da murfin ƙarfe na lambatu su ma tarko ne, kauce musu. A duba kofato da takalmi kamar duk sati 6. Mai sa takalmi yana iya buga ƙusa mai kan ƙarfe mai tauri da ke kama titi, akwai kuma takalmin roba da ake sa wa kofato a cire bayan an dawo. A gangara tafiya kawai, ka miƙe zaune, ka sassauta linzami kaɗan don ya yi amfani da wuyansa wajen daidaita jiki. Sassarfa mai tsawo a kwalta tana gajiyar da gaɓoɓi da jijiyoyin ƙafa.

Goɗiyata lafiya lau take a fili, amma da ta ga mota sai ta rikice. Bulala za ta gyara ta?

Ba za ta gyara ba, za ta ƙara lalata ta. Idan duk ganin mota duka ne ke biyo baya, ta koyi cewa mota da zafi tare suke zuwa. A saba mata mataki-mataki a wurin da ba titi ba. Mota a tsaye injin a kashe, ta zagaya ta shinshina. Sannan a tayar da injin. Sannan motar ta motsa a hankali tana nisa da ita, har ma ku bi bayan motar, domin abin da yake gudu daga doki ba ya ba shi tsoro kamar abin da yake nufo shi. Bayan haka motar ta wuce ta gefe, daga nesa zuwa kusa. Minti 10 zuwa 15 a rana ya wadatar, kuma kada a ƙara mataki sai ta sauke kai, numfashinta ya daidaita. Fitarta ta farko ta kasance tare da dokin da ya saba, a lokacin da hanya ba cunkoso.

Wani abu da mahaya da yawa suke yi a juye: sau tari ba motar ce ta tsorata doki ba, leda ce a bakin hanya ko kare a bayan shinge, sai ya kauce musu ya faɗa titi. In ka juya kansa wajen ledar don ya gani, ƙugunsa zai karkata cikin hanya. Ka ɗan karkato kan zuwa ɓangaren titi, ka matsa da ƙafarka ta wannan ɓangaren a bayan majayi don ƙugun ya tsaya a gefe, ku ci gaba da tafiya. In mota na tafe, tsayar da ita ko ka jira ta wuce kafin ku gifta abin. Majayin ma a sake duba shi bayan minti biyar zuwa goma da hawa, yakan saki, sirdi kuma a lokacin zabura yake juyewa.

Babur nake hawa, wani lokaci keke. Mu ma da namu?

Da naku. Mai babur kada ya murza totur kusa da doki. Mai keke matsalarsa shiru: yana bayyana kwatsam a gefen idon doki. Yi sallama da murya tun daga nesa, doki ya san muryar mutum. Kada ka taɓa bi tsakanin doki da bakin hanya. Mai motar lantarki ma haka, ya tabbata mahayin ya waiwayo ya gan shi kafin ya wuce.

Idan dare ya riske ni a hanya fa?

In da hali kada ya riske ka, haka ma hazo da goshin magariba. Baƙin doki da mahayi mai duhun kaya ba sa fitowa a fitilar mota sai an zo daf. Riga mai launin ɗorawa ko ruwan lemo mai ƙyalli da rana take aiki, da dare sai mai ɗauke da zanen da ke mayar da hasken fitila. Ɗaura irin wannan zanen a ƙafafun doki huɗu, sama da gaɓar da ke kan kofato, saboda fitilar mota ƙasa take haskawa, kuma motsin ƙafafun shi ke sa direba ya gane dabba ce. Sa fitila mai fari a gaba da ja a baya, a hannu ko ƙafar da ke ɓangaren motoci. Dokin ma a sa masa nasa daban da naka, don idan ka faɗi ya tafi shi kaɗai a gan shi. Direba kuma ya sauke babbar fitila da zarar ya hango su. Idon doki ya fi namu gani a duhu, amma yana daɗewa kafin ya daidaita bayan haske ya dalle shi, kuma a wannan tsakanin bai san inda yake sa kofato ba.