Takardun da Ake Nema Kafin Kamfanin Inshorar Tafiya Ya Biya Diyya

Ɗana, na karanta tambayar da ka rubuto mini, inda kake cewa ka kasa gane dalilin da ya sa kamfanonin inshora suke mayar da buƙatun wasu matafiya ba tare da biyan ko sisi ba, alhali kai ka tabbata gaskiya mutanen suke faɗa, kuma kana so ka san takardun da ya kamata ka tara kafin ka miƙa buƙatar diyya a madadin wanda ya sayi inshorar tafiya ta hannunmu. Tambayar ta zo a kan gaɓa, domin sayar da inshora kowa zai iya, amma ranar neman diyya ce ake gane dillalin da ya san aikinsa.

Ka fara da sanin wanda za ka rubuta wa. Ma'aikacin da zai buɗe fayil ɗin bai taɓa ganin matafiyin ba, bai ji muryarsa ba, kuma ba ya wurin a lokacin da aka fizge masa jaka ko aka kwantar da shi a asibiti. Abin da ke gabansa takarda ce kawai, kuma takardar da take da nauyi a wurinsa ita ce wadda wani na daban, wanda ba shi da riba a cikin maganar, ya rubuta a lokacin da abin ya faru: ɗan sanda, ko likita, ko ma'aikacin kamfanin jirgin sama, ko manajan otal. Wannan ne ya sa mafi yawan buƙatun da kake gani ana ƙi, tun a can ƙasar da abin ya faru suka lalace, kafin mai su ya dawo ya zauna a gabanka. Tun ran gini ran zane, ranar da mutum ya sayi inshora ita ce ranar da za ka gaya masa abin da zai karɓo idan wani abu ya same shi.

Kowane irin fayil yana farawa ne da takardar shaidar inshora mai ɗauke da lambarta, da tikitin tafiya, da katin shiga jirgi, da shafin fasfo mai hatimin shiga da fita, da fom ɗin kamfanin da aka cike aka sa hannu, da bayanin asusun bankin da za a tura kuɗin. Kafin ka ci gaba da komai, ka ɗora kwanan watan da abin ya faru a kan kwanakin da inshorar take aiki, sannan ka duba yankin da ta shafa, domin kamfanoni da yawa suna ware Amurka da Kanada daga tsarinsu na gama-gari saboda tsadar magani a can, kuma inshorar shekara takan ƙayyade iyakar kwanakin da tafiya ɗaya za ta ɗauka. Idan mutum ya zarce waɗannan kwanaki, duk takardun duniya ba za su cece shi ba, kuma gara ka faɗa masa haka tun farko da ka bar shi yana sa rai.

Maganar rashin lafiya ce ta fi buƙatar natsuwarka, domin a nan kuɗi masu yawa suke. A jikin kowace takardar inshora akwai lambar wayar agajin gaggawa da ake amsawa dare da rana, kuma sharaɗin da aka saba gani shi ne a kira ta kafin a kwantar da mutum, ko da zarar hali ya samu idan abin ya zo da gaggawa. Wannan kira yana haifar da abu biyu: lambar fayil da za ta bi dukkan takardun da za su zo daga baya, da kuma takardar lamuni da kamfanin zai aika wa asibitin cewa shi zai biya kai tsaye. Wanda ya yi shiru ya biya daga aljihunsa, ya zaɓi asibiti mai tsada da kansa, ko ya sayi sabon tikitin dawowa gida ba tare da yardar kamfanin ba, ya ba su hujjar rage masa diyya. Daga asibitin kuma dole ya fito da rahoton likita mai nuna sunan cutar, da ranar da alamunta suka fara, da ranar kwantarwa da ta sallama, da takardar magungunan da aka rubuta masa, da shaidar cewa ya samu sauƙin da zai iya hawa jirgi idan an jinkirta dawowarsa. Ka lura sosai da takardar lissafin kuɗi. Za a kawo maka rasit ɗaya mai layi guda, an rubuta jimillar kuɗi an buga hatimi, kuma mai shi yana ganin ya gama komai. Abin da kamfanin yake so shi ne lissafi dalla-dalla, kuɗin gado daban, na gwajin jini daban, na hoton ƙirji daban, na kowane magani daban, tare da shaidar cewa an biya, domin takardar neman biya ba ta nuna cewa kuɗi sun fita daga hannun kowa.

A kan wannan layi na ranar da alamun cuta suka fara ne fayiloli masu yawa suke tuntuɓe. Idan likitan can ya rubuta cewa majiyyacin ya daɗe yana fama da hawan jini ko ciwon suga, alhali a fom ɗin sayen inshora an amsa cewa babu wata tsohuwar cuta, kamfanin zai nemi izinin tuntuɓar likitansa na gida, kuma abin da ke cikin katin asibitinsa zai fito fili. Saboda haka kada ka taɓa cike wa mutum wannan sashe da ka, ko ka ce masa ba kome don ciniki ya faɗa. Ka karanta masa tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya bayyana abin da yake da shi, a ƙara masa kuɗi idan ƙarin ya kama. Haka kuma ka riƙa tuna wa masu neman bizar ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, cewa inshorar da ofisoshin jakadanci suke nema, wadda dole diyyar da za ta iya biya ta kai aƙalla Yuro 30,000, ta jinyar gaggawa ce da mayar da majiyyaci ko gawa gida. Da yawa suna sayen mafi arha don bizar kawai, sai akwati ya ɓace su zo neman diyyar abin da ba su taɓa saya ba.

Idan akwati ne bai iso ba, ko ya iso a fashe, kada matafiyin ya bar zauren karɓar kaya sai ya je teburin kamfanin jirgin an cike masa takardar rahoton kaya da ake kira PIR. Za a ba shi lamba mai haruffa biyar da alƙaluma biyar, haruffa uku na farko na filin jirgin ne, biyu na kamfanin jirgin, kuma da ita ake bin sawun akwatin a ko'ina. Ya kuma adana 'yar takardar nan mai lamba da ake liƙawa a bayan katin shiga jirgi ko a bangon fasfo lokacin auna kaya, wadda mutane suke ɓamɓarewa su yar da zarar sun sauka, domin ita ce shaidar cewa kamfanin jirgin ya karɓi akwatin. Inda masu koyo suke yawan ruɗewa shi ne ɗaukar wannan rahoto a matsayin neman diyya, alhali sanarwa ce kawai. Yarjejeniyar Montreal ta shekarar 1999, wadda ta shafi yawancin tafiye-tafiyen jirgin sama tsakanin ƙasashe, ta ba fasinja kwana 7 daga ranar da ya karɓi kayansa ya rubuta ƙorafi idan sun lalace, da kwana 21 idan jinkiri suka yi, kuma akwatin da ya kwana 21 bai iso ba ana iya ɗaukarsa a matsayin ɓatacce. Iyakar abin da kamfanin jirgi zai biya fasinja ɗaya a kan kaya ana lissafa shi ne da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, kuma an ɗaga shi daga 1,288 zuwa 1,519 a ƙarshen watan Disamba na 2024. Kamfanin inshora zai so ya ga wasiƙar kamfanin jirgin mai tabbatar da ɓatan da kuma adadin da ya biya, domin inshora cike gurbin asara take yi, ba ta biyan mutum sau biyu a kan abu ɗaya. Wanda ya sayi tufafi da kayan wanka yana jiran akwatinsa ya adana kowane rasit, ya kuma tsaya a kan abin da ya zama dole. Kuɗi, da gwal, da kwamfuta, da kyamara kuwa, yawancin kamfanoni ba sa biyansu idan a cikin akwatin da aka auna aka zuba su.

Sata tana da nata sharaɗin, wanda galibi shi ne kai rahoto ga 'yan sandan wurin cikin awa 24 da ganowa, a kuma karɓo rahoton a rubuce mai lamba da hatimi. Na san akwai wuraren da baƙo zai wuni a ofishin 'yan sanda bai samu wanda zai rubuta masa komai ba. Idan haka ta faru, ya rubuta sunan ofishin da lokacin da ya je, ya nemi wasiƙa daga manajan otal ko jagoran tafiya ko kamfanin motar da ya shiga, domin shaida mai rauni ta fi babu. Bayan haka sai tabbatar da cewa abin nasa ne: rasit ɗin saye, ko bayanan banki na ranar da ya saya, ko kwalin da abin ya zo a ciki. Idan waya ce, lambar IMEI mai alƙaluma 15, wadda take fitowa idan an danna *#06#, ita za a tambaya, shi ya sa nake cewa a rubuta ta a ajiye kafin a tashi. Ka kuma shirya zuciyar mutum tun kafin amsa ta zo, domin za a rage darajar abin gwargwadon daɗewarsa a hannunsa, akwai iyakar abin da ake biya a kan kaya guda, kuma akwai kason farko na asarar da yarjejeniya ta ɗora wa mai inshorar da kansa. Wayar da aka bari a kan tebur aka tafi wanka a teku ba ta cikin lissafi, ko da rahoton 'yan sanda ya fito da kyau.

Za ka haɗu da wanda zai ce maka a ƙara agogo a cikin jerin kayan da suka ɓata, ko a gyara kwanan wata a jikin rasit, wai don a cike abin da kamfanin zai rage. Ka ƙi, ko da zai ji haushinka. Ƙarya ɗaya tana iya rusa buƙatar gaba ɗaya har da ɓangarenta na gaskiya, kuma sunanka ne a kan wasiƙar da ta raka fayil ɗin.

Soke tafiya da jinkirin jirgi ba su da wahala sosai. Ana buƙatar wasiƙar kamfanin jirgin mai bayyana dalili da tsawon jinkirin, da takardar soke tikiti ko otal mai nuna abin da aka mayar da abin da aka riƙe, da shaidar likita ko takardar mutuwa tare da abin da ke nuna dangantaka idan rashin lafiya ko rasuwar ɗan uwa ce ta hana tafiyar. Dalilin kuma ya zama ya auku ne bayan sayen inshorar. Idan jirgin daga ƙasar Tarayyar Turai ya tashi, dokarta mai lamba 261 ta 2004 tana ba fasinja tsakanin Yuro 250 zuwa 600 gwargwadon nisan tafiya idan ya isa a makare da awa uku ko fiye kuma laifin na kamfanin jirgin ne, saboda haka a fara neman wannan daga gare shi.

Wajen miƙawa, ka duba wa'adin da yarjejeniyar ta gindaya, wanda sau da yawa kusan wata ɗaya ne daga ranar dawowa, kuma ka sanar da kamfanin cikin lokaci ko da wasu takardun ba su kammala ba. Ka rubuta shafi ɗaya da ke jera abin da ya faru bi da bi, da rana da lokaci, ka sa wa kowace takarda lamba, ka ambaci lambar a gaban abin da take tabbatarwa. Ka karanta fom ɗin tare da rahoton 'yan sanda ko na likita a gefe, domin idan ɗaya ya ce Talata ɗayan ya ce Laraba, fayil ɗin zai koma hannun masu bincike. Kuɗin da aka kashe a ƙasar waje ka rubuta su da irin kuɗin da aka biya, takardar da ke cikin wani harshe kuma ka tambayi kamfanin ko yana son a fassara ta kafin a kashe kuɗin tafinta. Kada takardar asali ta bar hannunka sai ka ɗauki hotonta, kuma duk maganar da aka yi a waya ka bi ta da imel.

Idan duk da haka aka ƙi biya, ka nemi dalilin a rubuce tare da sakin layin yarjejeniyar da suka dogara da shi, sannan ka amsa wannan dalilin kaɗai da sabuwar shaida, ba da doguwar wasiƙar fushi ba. Kowane kamfani yana da sashen karɓar ƙorafi, kuma a sama da shi akwai hukumar da ke sa ido a kan harkar inshora a ƙasar da aka sayi takardar. A Birtaniya, alal misali, kamfani yana da mako 8 ya ba da amsarsa ta ƙarshe, mai ƙorafi kuma yana da wata 6 daga ranar wannan amsa ya kai maganar gaban ofishin sasanta rikicin harkokin kuɗi, ba tare da ya biya komai ba. Ka nemi sanin irin wannan wa'adi na ƙasar kowane kamfani da muke hulɗa da shi, ka rubuta shi a bangon fayil ɗin tun ranar da wasiƙar ƙin biyan ta iso.