Amsa: Wace ce ta zana hotunan littafin Peter Rabbit?

Malama, kin tambaya ko Beatrix Potter, marubuciyar littafin yara na Peter Rabbit, ce ta zana hotunan littattafanta da kanta. Ita ce, kuma a ganina darajarsu ke nan.

An haife ta a Landan a 1866, ta tashi tana kiwon zomaye da ɓeraye a gida tana zana su, shi ya sa Peter Rabbit, zomon da ke cikin labarinta, duk da shuɗiyar rigar da ta sa masa, tsayuwarsa da kunnuwansa na zomo ne na gaske. Labarin ya samo asali ne daga wasiƙar da ta rubuta wa wani yaro marar lafiya a 1893. Da masu ɗab'i suka ƙi karɓa, sai ta buga kwafi 250 da kuɗinta a 1901, kafin kamfanin Frederick Warne ya fitar da shi a 1902. Ta dage a yi littafin ƙarami domin ya dace da hannun yaro.

Da ribar littattafan ta sayi gonar Hill Top a 1905, ta koma kiwon tumaki har rasuwarta a 1943.