Hukuncin fita daga Texas zuwa wata jiha don a cire ciki mai nakasa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna zaune a Houston. Matata na da cikin mako 14, likitoci biyu sun tabbatar ƙoƙon kan jaririn da ƙwaƙwalwarsa ba su haɗu ba, ba zai rayu ba. Dokar Texas ta hana a cire shi. Ya halatta mu tafi New Mexico? Kuma ya halatta Musulmi ya goyi bayan ƙawancen gwamnonin da ke kare wannan hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ku haƙuri, ya ba maiɗakinka lafiya.

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe (wanda ya ba mata damar zubar da ciki a duk faɗin ƙasar) a Yunin 2022, kowace jiha ke yin dokarta. Texas ta haramta zubar da ciki sai in ran uwa na cikin haɗari ko wani muhimmin aikin jikinta na fuskantar mummunar illa, ba ta keɓe nakasar ɗan tayi ba. A 2023 kuma gwamnan Kalifoniya, Gavin Newsom, ya jagoranci wasu gwamnoni suka ƙulla ƙawance don kare likitoci da matan da ke tsallako musu. Sai dai, ɗan'uwa, iyakar jiha ba ta halatta haram, ba ta kuma haramta halal. Abin dubawa shi ne uzurin.

Mazhabarmu ta Malikiyya ta fi tsanantawa: mashhurin zance shi ne ba a taɓa ciki tun daga shigarsa, Lakhmi, ɗaya daga malaman mazhabar, ne ya sassauta kafin kwana 40. Hanafawa sun yarda da uzuri kafin kwana 120, bisa hadisin Ibn Mas'ud na Bukhari da Muslim kan lokacin busa rai. A 1990 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) a Makka ta halatta cirewa kafin kwana 120 idan kwamitin amintattun likitoci ya tabbatar da mummunar nakasa marar magani, iyayen kuma suka nema. Wannan nake rinjayarwa a halinku, don haka tafiyar ta halatta, matuƙar ita matar ta yarda da kanta, ba tilas. In ta zaɓi ta riƙe cikin har haihuwa, tana da lada babba, kada a matsa mata.

Ku lura da lissafi. Likitoci daga jinin haila na ƙarshe suke ƙirgawa, kwana 120 na shari'a kuwa daga shigar ciki ake ƙirga su, don haka ya zo kusan mako 19 a wurinsu. Bayan nan ba a cirewa sai don ceton ran uwa. Kada ku yi jinkiri, ku kuma tambayi lauya matsayinku a doka.

Ƙawancen kuwa ya haɗa har da zubarwa ba dalili, wannan ba za mu sa masa albarka ba. Amma kare likitan da ya ceci mai zubar jini, ko mai ciki a wajen mahaifa, taimakekeniya ce a kan alheri. Ka goyi bayan wannan ɓangaren, ka fito fili ka faɗi inda ka tsaya.

Wallahu a'alam.